Wa ke riƙe da mabuɗi? Tarihin ɓoye magana a cikin iska, daga Markoni zuwa bango mai wayo



Satin da ya wuce, muna gama shirin yamma, wata dattijuwa ta turo mana bokal. Ɗanta yana ci-rani, duk ƙarshen wata yana aiko mata da kuɗi, sai ya kira ta a talho ya karanto mata kode, ta je ta karɓa. Ta ce tun da ta ji wai maganar talho ta cikin iska take bi, hankalinta bai kwanta ba: in iskar ta kowa ce, me zai hana wani ya tare lambobin a hanya? Mun ba ta amsa a gurguje, mun ce Hajiya, galibin masu rasa kuɗi da bakinsu suke ba ɗan damfara kode, ba a iska ake tarewa ba. Amma da muka koma gida sai muka ga ba mu yi wa tambayar adalci ba. Tambaya ce da ta hana shugabanni, janar-janar da malaman lissafi barci sama da shekara 120. To ga tarihinta, a yi haƙuri da tsawonsa.

A watan Disamba na 1901 Markoni, ɗan Italiya, ya sanar cewa ya ji sigina ta ƙetare tekun Atalantika daga Ingila, babu waya babu igiya. Daga nan ya riƙa bugun ƙirji cewa yana iya saita na'urarsa yadda ba wanda zai shiga tsakani. A watan Yuni na 1903 aka tara manyan mutane a wani zauren ilimi na Landan don su gani da idonsu. Kafin saƙon Markoni ya iso, sai na'urar ta fara buga kalmomin ba'a da zagi. Ashe wani mai wasan rufa-ido ne, Nevil Maskelyne, ya kafa tasa na'urar a kusa ya cusa nasa saƙon. Tun ranar aka san halin rediyo. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. To ta rediyo in ta fita, a tsakar gidan kowa take faɗawa.

Abin dariya ne a 1903, amma a 1914 ya zama na kuka. A watan Agusta na wannan shekara, farkon yaƙin duniya na ɗaya, sojojin Rasha sun kutsa gabashin Jamus. Suna da rediyo, suna da kode, sai dai ba a iya raba littattafan kode ga dukkan rundunoni yadda ya kamata ba. Wasu in an aika musu saƙo a kulle ba su da abin buɗewa. Sai aka riƙa aika umarni a sarari: runduna kaza ta kwana wuri kaza, gobe ta nufi wuri kaza. Jamusawa suna zaune suna rubutawa. A faɗan Tannenberg an kama sojan Rasha wajen 90,000, kuma janar ɗinsu Samsonov ya kashe kansa a cikin daji.

Ku lura da inda matsalar take, domin duk sauran labarin a kanta yake juyawa. Kulle saƙo ba shi ne mai wuya ba. Mai wuya shi ne yadda mabuɗin zai isa hannun wanda kake so, shi kaɗai. Tun 1883 wani malami da ke zaune a Faransa, Auguste Kerckhoffs, ya rubuta cewa a ɗauka abokin gaba ya san yadda kwadonka yake aiki ciki da waje, abin da za ka ɓoye masa kawai mabuɗi ne. Har gobe a kan wannan ƙa'ida ake tafiya.

A 1917 wani injiniyan kamfanin talho na Amurka, Gilbert Vernam, ya fito da dabarar gauraya saƙo da wani dogon jerin alamomi harafi da harafi. Daga baya aka ƙara mata sharaɗi biyu: jerin ya zama na kacici-kacici, ba tsari ba ma'ana, kuma a yi amfani da shi sau ɗaya tak a ƙone. In an cika waɗannan, ba mai fasa saƙon. Amma fa dole mai aikawa da mai karɓa kowa ya riƙe kwafi guda na wannan jeri tun kafin a fara magana.

Mu ma'aikatan rediyo akwai labarin da ya fi burge mu a nan. A yaƙin duniya na biyu, Churchill na Ingila da Roosevelt na Amurka suna magana ta talhon rediyo, da wata na'ura mai ɗan murguɗa murya. Jamusawa suka kafa tasha a Holan, suka warware murguɗar, suna jin hirar. Sai kamfanin Bell ya ƙera wata sabuwa mai suna SIGSALY, ta fara aiki a watan Yuli na 1943. Nauyin kowace ta haura tan 50, tana cika ɗaki guda. Ta Landan sai a ƙarƙashin wani babban kanti aka samo mata wuri, an kuma kai wata Alje, babban birnin Aljeriya. To mene ne mabuɗinta? Faifan garmaho. Ana ɗaukar hayaniyar lantarki, irin shuuu ɗin nan da kuke ji in rediyo bai kama tasha ba, a mayar da ita lambobi a buga a faifai biyu iri ɗaya. Ɗaya ya zauna Washinton, ɗaya a ba amintattun sojoji su ƙetare teku da shi. In lokacin magana ya yi, a kunna faya-fayan biyu a daidai daƙiƙa guda. A can a zuba hayaniyar cikin muryar, a nan a cire ta. Mai laɓe a tsakiya ba ya jin komai sai ƙugi. Kowane faifai wajen minti 12 yake ɗauka, in ya ƙare a lalata shi. Wato hayaniyar da mu muke yaƙi da ita kullum a situdiyo, su dukiya ce da ake yi wa rakiya da bindiga.

Wanda ya yi ganganci da sharaɗin sau ɗaya kuwa ya ji jiki. A 1942, cikin matsin yaƙi, Tarayyar Sobiyet ta buga wasu shafukan mabuɗi sau biyu. Amurkawa suka gano, suka shafe shekaru suna tsintar saƙonnin ƴan leƙen asirinta a wani aiki da aka kira Venona, wanda sai a 1980 aka rufe shi. A 1949 Claude Shannon ya buga hujjar lissafi cewa sirri cikakke yana buƙatar mabuɗi mai tsawon saƙon kansa. Gaskiya ce mai ɗaci: Churchill na da sojan kai faifai, talaka fa?

Amsar da duniya ta rayu da ita har yau ta zo a 1976, daga Whitfield Diffie da Martin Hellman a jami'ar Stanford, sannan a 1977 wasu malamai uku suka fito da tsarin da ake kira RSA. Hikimar ita ce akwai lissafin da zuwa ke da sauƙi, komowa ke da wuya. Dama hura da nono ba wuya, amma a ce ka raba su bayan an dama. In muka ce 61 sau 53, ɗan lakkol zai ce 3233. In muka ba shi 3233 muka ce ya nemo lambobi biyun da suka haife ta, zai ɗan yi gumi. In lambar ta kai tsawon ɗaruruwan alƙaluma, kwamfutocin duniya ma sai su tsufa a kai. Da irin wannan lissafi mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suke iya yarda da mabuɗi guda a gaban kowa. Shi ne ke tsare bankuna a intanet, kuma dangin wannan dabara ce WhatsApp ya sa wa dukkan saƙonninsa tun watan Afrilu na 2016. Don haka bokal ɗin Hajiya ya fi kiran talho na tsohon rezo tsaro, domin kwadon 2G tsoho ne: a watan Disamba na 2009 wani masani, Karsten Nohl, ya nuna a wani taro a Balin cewa fasa shi ba ya buƙatar dukiyar gwamnati.

Sai dai wannan gini gaba ɗaya a kan kalma guda ya tsaya: wuya. Ba a ce ba ya yiwuwa ba, an ce yana da wuya. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa in aka samu wata irin kwamfuta da ake kira ta kwantom, mai ƙarfi sosai, wannan wuyar za ta narke. Ba a kai ga ƙera irinta ba tukuna, amma tsoron ya isa har hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin kulle saƙo a watan Agusta na 2024. Ga kuma wata damuwar: ƴan ƙananan na'urori masu auna ruwa, zafi ko kuran, waɗanda ake so su shekara da shekaru a kan pil guda, lissafi mai nauyi yana shanye musu ƙarfi.

Shi ya sa wasu masana tun tuni suka bi wata hanya dabam, wadda ba ta cika shiga labarai ba. A 1975 Aaron Wyner, shi ma na Bell, ya nuna a takarda cewa in kunnen mai laɓe ya fi na mai karɓa jin hayaniya, ana iya isar da sirri ko babu mabuɗi. A 1993 Ueli Maurer ɗan Suwizalan, da kuma Rudolf Ahlswede na Jamus tare da Imre Csiszár na Hangari, suka ƙara gaba: in mutum biyu suna kallon wani abu mai canzawa ba tsari, kuma abin da suke gani ya yi kama da juna fiye da abin da na uku yake gani, to suna iya tace mabuɗi daga ciki, ko da a bainar jama'a suke shawara. Saura a samo wannan abu. A 1995 injiniyoyi uku a Amurka, Hershey, Hassan da Yarlagadda, suka ce ai ga shi nan a gabanmu: hanyar da igiyar rediyo take bi.

Nan ne muke so mu ɗan daɗe, domin duk wanda ya taɓa sauraron BBC ko Muryar Jamus a gajeren zango ya riga ya san rabin darasin. Kun tuna yadda murya ke tasowa garau, can ta nutse kamar mai magana ya faɗa rijiya, can ta dawo? Kun tuna kakanninmu suna juya akwati, suna karkata antan, a matsa taku ɗaya tasha ta kama, a koma ta ɓace? Dalili shi ne igiyar rediyo ba ta hanya guda take iso maka ba. A gajeren zango daga sararin sama take dawowa ta hanyoyi dabam-dabam; a talho kuwa wata ta zo kai tsaye, wata ta bugi rufin kwano ta dawo, wata ta bugi bango, wata mota. In suka haɗu a antan ɗinka, wani lokaci su taru su yi ƙarfi, wani lokaci su kashe juna. Da wani abu ya motsa, lissafin ya canza.

Abu biyu ne suka mayar da wannan ciwon kai mabuɗi. Na farko, tun ƙarni na 19 masana suka san cewa hanyar tafiya da ta dawowa ɗaya ce: in talhonka da antan suna magana a kan zango guda a kusan lokaci guda, hawa da saukar da kai ka gani ita ce shi ma ya gani. Na biyu, wanda ya tsaya a wani wuri dabam, nasa hawa da saukar dabam ne. A wurin da ke da abubuwa da yawa masu mayar da igiya, tazarar rabin tsawon zango ta isa ta fara raba ku. Ga Wi-Fi na gida tsawon zangon wajen santimita 12 ne, rabinsa 6, bai kai tafin hannu ba.

To sai na'urori biyun su riƙa jefa wa juna ƴar sigina ta gwaji, kowace tana auna ƙarfin abin da ya iso mata. In ya haura matsakaici ta rubuta 1, in ya faɗi ta rubuta 0. Bayan ɗan lokaci kowace na da jerin 0 da 1, kusan iri ɗaya. Kusan, domin aunawa ba ta rasa kuskure. Sai su yi ƴan tambayoyi a sarari don gyara inda suka saɓa, ba tare da karanta jerin ba. Tun da mai laɓe ya ji tambayoyin, sai a matse jerin ta wani lissafi ya gajarce, yadda ɗan abin da ya tsinta ba zai amfane shi ba. Abin da ya rage shi ne mabuɗi. Ba wanda ya ɗauko shi daga wani wuri, ba soja, ba faifai. Hayaniyar da a 1943 ake bugawa a faifai a kai da jirgi, yanzu hanya ce ke bayar da ita kyauta ga ɓangarorin biyu.

A takarda abin ya yi daɗi. A 2008 masu bincike na jami'ar Rutgers suka gwada da kayan Wi-Fi na gaske, suka samu wajen alama ɗaya, 0 ko 1, a kowace daƙiƙa. Mabuɗin zamani na yau da kullum alama 128 ne, kun ga sama da minti biyu ke nan ana jira. A 2009 ƴan jami'ar Utah suka tono babbar matsalar: in ba abin da ke motsi, kamar ɗakin ajiya da dare, hanyar ba ta canzawa, kuma abin da ba ya canzawa ba ya ba da sirri. Har ma suka nuna cewa a irin wannan wuri mugu na iya ratsa tsakanin na'urorin da wani abu, yana tarewa yana buɗewa da gangan, ya sa su rubuta 0 da 1 ɗin da shi ya tsara. An gudu ba a tsira ba.

A nan ne bango mai wayo ya shigo, kuma ba don sirri aka ƙirƙire shi ba. Tun 1963 akwai antan mai aiki kamar madubi, mai ƴan gidaje da yawa da ke mayar da igiya inda aka nufa, amma yadda aka ƙera shi haka zai zauna. A 2014 wata tawaga a jami'ar Kudu maso Gabas ta birnin Nanjin a ƙasar Sin, ƙarƙashin Cui Tiejun, da wata a cibiyar Langevin ta Paris, wadda Mathias Fink da Geoffroy Lerosey suke ciki, kowace ta nuna allo mai ƴan faranti ƙanana na ƙarfe, kowane da ɗan makunninsa na lantarki. In ka kunna ko ka kashe makunnin, yadda farantin ke mayar da igiya ya canza. Allon ba ya watsa komai da kansa, ba ya cin kuran sosai, juya abin da ya faɗo masa kawai yake yi, kamar yaro da madubi yana haska rana cikin ɗaki. A ƙarshen 2018 kamfanin NTT Docomo ya gwada wani allo mai mayar da igiya a Tokiyo don kai 5G bayan gini inda rezo ba ya zuwa. A 2020 ƴan jami'ar MIT suka nuna wani mai ƴan antan sama da 3,000, wanda ya ninka ƙarfin sigina kusan sau goma. A 2021 hukumar ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ETSI, ta kafa kwamiti musamman a kansa, ana kallonsa cikin kayan 6G.

Masu neman mabuɗi suka ce to, in duniya ta ƙi motsi, mu motsa ta. Maimakon a saita allon ya nufi wuri guda, a bar makunnansa su riƙa canzawa ba tsari, sau da yawa a daƙiƙa. Kowane canji sabuwar hanya ce, sabuwar hawa da sauka, sabon 0 ko 1. Allo mai faranti 100 kacal yana da yanayi dabam-dabam da adadinsu lamba ce mai alƙaluma 31. Wajen 2020 zuwa 2021 masu bincike a Bochum ta Jamus suka gwada haka da allo na gaske a ɗakin da ba kowa, mabuɗi ya riƙa fitowa inda a da ba ya fitowa. Ɗakin shiru, amma ga igiyar rediyo kamar kasuwar Maraɗi ce ranar Juma'a.

Mu dai ba za mu yi saurin tafi ba. Su kansu masanan, har da na Bochum da na Nanjin, sun rubuta cewa wuƙar baki biyu gare ta. Mugu na iya kafa nasa allon. In ya canza shi a tsakanin tafiyar sigina da dawowarta, abin da na'urori biyun suka auna ba zai zo ɗaya ba, mabuɗi ya ƙi haɗuwa, kuma da wuya a kama shi tun da allon ba ya watsa komai. Mafi muni, in kusan dukkan canjin daga allon yake fitowa, to wanda ya san jerin yadda makunnan suka kunna suka kashe ya kama hanyar sanin mabuɗin. Ga kuma abin da dabarar ba ta warware ba tun farko: tana tabbatar maka kun yi mabuɗi da wanda ke ɗaya bakin hanyar, amma ba ta gaya maka ko shi wane ne ba. Ɗan Hajiya ne ko ɗan damfara, igiyar rediyo ba ruwanta.

Da muka karanta wannan sai wani labari ya faɗo mana. A watan Fabrairu na 2020 jaridar Washington Post da tashar ZDF ta Jamus suka fallasa cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe sama da 120 injinan kulle saƙo, a 1970 ya zama mallakar hukumar CIA da takwararta ta Jamus ta Yamma, a ɓoye. Iran, Libiya, Ajantina, Indiya, Pakistan, duk sun biya kuɗinsu sun sayi kwadon da mai shi ya ajiye kwafin mabuɗi. An ba kura ajiyar nama shekara da shekaru. Ba mu ce haka za ta faru da bango mai wayo ba. Muna cewa dai allon da zai riƙa girgiza iskar ofis, banki ko asibiti, wani ne zai ƙera shi, wani ne zai rubuta abin da ke juya makunnansa, kuma ƙasashe irin namu saye muke yi, ba ƙira ba. In ranar ta zo, ya kamata injiniyoyinmu da hukumar da ke sa ido kan sadarwa su tambayi wa ke riƙe da ragamar allon kafin su tambayi farashinsa.

A yau dai wannan dabara tana ɗakunan gwaji, ba ta cikin talhon da ke hannunku. Mabuɗin da ke tsare kiran Hajiya yana cikin pus ɗinta ne, an rubuta shi tun a masana'anta, kwafinsa kuma yana wajen kamfanin rezo. Mun sake kiranta mun ce ta gaya wa ɗan nata ya riƙa turo kode ta WhatsApp, kuma duk wanda ya kira ya ce shi ma'aikaci ne a karanto masa lambobi, ta kashe talhon.